A Bar wa Tsohuwar Jaguar Fentinta

Duk mai Jaguar E-Type ta 1961 da har yanzu take ɗauke da fentinta na asali daga Coventry a Ingila, don Allah ya nisanta ta da injin gogewa. Fentin wancan zamani ba shi da rufin ƙyallin da ake fesa wa motocin yau. Launin ne tsirara. Shafa man gogewa ka duba tsumman, za ka ga launin ya biyo shi, wato fentin ne ke tafiya. A gefen bonet, inda fentin ba shi da kauri, inji kan cinye shi nan take. Wanki da hannu da ɗan kaki sun wadatar. Wayoyin ƙafafunta kuwa, ɗaya bayan ɗaya za a bi su da ƙaramin buroshi.