Gajarta ba aibu ba ce, amma a kawo sikeli filin dambe

Da kaka ta yi aka buɗe filin dambe a Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi, sai ka ga an sa zare tsakanin wani siririn yaro da ƙaton da ya kusa ninka shi. 'Yan kallo na ihu: "Ai dambe zuciya ce!" Haka ne, amma zuciya ba ta kare muƙamuƙi.

Masu cewa ƙaramin jiki ba ya hana nasara suna da hujja. Dick Tiger, ɗan Najeriya, gajere ne, amma a 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya a ajin matsakaicin nauyi, ya sake doke shi a Ibadan a 1963. Sai dai ku lura, kafin a fara sai da aka auna su, ba a yarda wani ya wuce kilo 72 da rabi ba. Da ya haura aji na gaba ya ci kambu a 1966, amma a 1968 dogon nan Bob Foster ya kwantar da shi a turmi na huɗu. Wannan fa gwanin duniya ke nan.

To ina ga ƙaninka da aka zuga da kiɗa da 'yan canji? In ya ji rauni a ka, makaɗi ba zai biya kuɗin asibiti ba.

Masu gidajen dambe, don Allah ku sayi sikeli, ku raba 'yan wasa aji-aji. Gajere ya shiga, amma da sa'ansa a nauyi.