RA'AYINMU: KAKI DA FIFFIKE BA SU NE SHUGABANCI BA

Duk shekara, da zarar an fara cika takardun shiga Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, sai ka ji zancen ɗalibai ya koma kan abu guda, watau zama matuƙin jirgin yaƙi. Wannan buri ne mai kyau, ba mu kuwa hana kowa. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, shin aikin muke so, ko kuwa kakin da girman da ke biye da shi?

Mu 'yan ƙasar Haɗeja muna da abin misali a gida. Marigayi Hamza Abdullahi, wanda aka haifa a Haɗeja a 1945, ya shiga rundunar mayaƙan sama a 1964, shekarar da aka kafa ta. Mutane da yawa ba su san shi ba sai da ya zama Gwamnan Jihar Kano a 1984, lokacin Haɗeja tana cikin Kano, sa'an nan Ministan Abuja daga 1986 zuwa 1989. Abin da akan manta shi ne, horon da ya fara samu a Jamus ta Yamma na kula da lafiyar jirage ne, daga baya kuma ya shugabanci sashen da ke tsare da'a a rundunar. Ashe ya shekara 20 yana aikin da ba a tafa wa mutum kafin a ji sunansa a rediyo.

Lalle akwai darasi a nan. Matuƙi ba ya tashi sai wanda ya duba injin ya sa hannu cewa jirgin lafiya lau yake, kuma mai sa hannun nan sau da yawa ƙaramin soja ne wanda ke sara wa matuƙin kowace safiya. Ran hafsa yana rataye da gaskiyar na ƙasa da shi. Idan an saba tsorata ƙanana har suka kasa buɗe baki su ce, "Ranka ya daɗe, jirgin nan bai kamata ya tashi yau ba," to, an shuka hatsari tun jirgin yana ƙasa. Masuntanmu na kogin Haɗeja sun san haka: in mai fito ya ce kwalekwale ya cika, ko hakimi ne a bakin gaɓa sai ya jira.

Har wa yau, nauyin da ke kan matuƙin yaƙi ya wuce ransa shi kaɗai. A watan Janairu na 2017 jirgin rundunar ya jefa bom bisa kuskure a kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Borno, mutane masu yawa suka hallaka, har da ma'aikatan agaji. Duk saurayin da ke mafarkin fiffike a ƙirji, to, ya tuna da Rann kafin ya ɗauki alƙalami. Biyayya ga umurni ita ce ginshiƙin aikin soja, amma shugaba na ƙwarai shi ne wanda ke tabbatar da labari kafin ya ba da umurni, kuma ya amsa laifi idan an yi kuskure.

Wani abin kuma, zamanin da kaki ke kai mutum gidan gwamnati ya wuce tun 1999, muna kuwa roƙon Allah kada ya dawo. Wanda ya shiga soja da niyyar mulki ya ɓata hanya tun daga ƙofa.

Saboda haka shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, ita ce: mai son tuƙi ya dage da lissafi da kimiyya, ya kula da lafiyar idonsa da ta jikinsa tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai sami kujerar matuƙi ba kada ya ɗauka ya faɗi. Rundunar tana bukatar injiniyoyi da likitoci da masu lura da yanayi. Ku kuma matasan ma'aikata da ke ofisoshi, ku auna kanku da ma'aunin nan: shin masinjanku zai iya gaya muku kun yi kuskure ba tare da fargaba ba?

Allah ya sa mu gane, amin.