Gani Ya Kori Ji: Hotunan Yaƙin Biyetnam

Yau za mu leƙa Amurka, mu ga yadda hoto ya raba jama'a da gwamnatinsu.

A ƙarshen 1967, manyan jami'an Amurka suna ta faɗa wa mutanensu cewa nasara ta kusa a yaƙin Biyetnam. Kwatsam, a ƙarshen Janairun 1968, mayaƙan kwaminisanci suka kai farmaki garuruwa da dama lokaci guda, har cikin birnin Saigon. Ranar 1 ga Fabrairu, Eddie Adams na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauki hoton shugaban 'yan sandan Biyetnam ta Kudu, Nguyen Ngoc Loan, yana harbin wani fursuna a ka, a tsakiyar titi, hannunsa ɗaure ta baya. Washegari hoton ya cika shafukan farko na jaridu. Iyayen da aka kwashe wa 'ya'ya zuwa fagen daga suka fara tambaya: wannan ce gwamnatin da yaranmu ke mutuwa domin kare ta? Ranar 31 ga Maris, Shugaba Lyndon Johnson ya sanar ba zai sake tsayawa takara ba. Ba hoton kaɗai ya jawo haka ba, amma ya ƙara wa wutar itace.

Wanda ya fi muni shi ne na ƙauyen My Lai. A watan Maris na 1968 sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan fararen hula a can, har da mata da jarirai, aka rufe maganar fiye da shekara guda. Da hotunan Ronald Haeberle, mai ɗaukar hoto na rundunar sojan, suka fito a Nuwamban 1969, musu ya ƙare. Abin da ya fi ci wa Amurkawa rai shi ne gane cewa an ɓoye musu.

Hukumomi sun koyi darasi. A 1991 Amurka ta hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawar sojojinta da ake dawowa da su gida, sai a 2009 aka sassauta.

Sai dai hoto yana nuna daƙiƙa guda ce kawai. Shi kansa Adams daga baya ya nuna nadamar yadda hotonsa ya ɓata rayuwar Loan. Saboda haka in hoton yaƙi ya shigo wayarku, kafin ku tura wa wani ku tambayi wa ya ɗauka, a ina, yaushe, kuma me aka bari a wajen hoton. Sai mako mai zuwa.