A Bar Yaro Ya Ba Da Labarin Garinsu

Jama'a, na daɗe ina cewa hanya mafi sauƙi ta koya wa yaro ganga dogarau a Turanci ita ce a sa shi ya kwatanta garinsu. Ba wa ɗan Kano alƙalami ka ce ya rubuta wani abu kan dusar ƙanƙarar Landan, jimla uku zai yi ya tsaya, kowacce guntuwa kamar tsinken ashana. Amma ce masa ya faɗi yadda ake zuwa Kasuwar Kurmi daga gidansu, ka ga yadda baki zai buɗe. Zai so ya ce kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, inda kakansa ke sayar da sirdi, wadda ba a kutsa lungunanta da mota saboda ƙunci. To, a nan ne zai nemi "which" da "where" da "because" da kansa, domin maganar ta fi ƙarfin gajeriyar jimla. Da ma a Hausa yana da "wanda" da "inda" da "saboda" tun yana goye. Ni da zan shiga aji gobe, da marinar Ƙofar Mata zan fara, in ce kowa ya bayyana mini abin da ya sa hannun marini yake shuɗi.