Itacen Toreya da gandun da ya kasa tsare shi

Sharhinmu na yau zai kai mu arewacin jihar Fulorida a Amurka, bakin kogin Apalachikola, inda akwai wani gandun daji da gwamnatin jiha ke kula da shi, mai suna gandun Toreya. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗebi matasa marasa aikin yi, su suka share hanyoyin gandun, suka kuma tsallako da wani tsohon gidan gona na 1849 daga wancan hayin kogin.

An san Fulorida da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma a nan gaɓar kogin ta tashi sama da mita 40, ga kwazazzabai masu zurfi, masu sanyi da inuwa. A cikinsu ne itacen Toreya yake, wanda gandun ya ci sunansa. Ganyensa siriri ne mai tsini, kore shar rani da damina, in an murza shi sai ya yi wari. Masana na ganin tun zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya ya gangaro kudu, da zafi ya dawo kuma ya maƙale a nan. Duk duniya babu inda wannan nau'in Toreya yake tsirowa da kansa sai wannan ɗan tsirin gaɓa da wani lungu na jihar Jojiya. Har wani lauyan garin Bristol, E. E. Callaway, ya yi iƙirarin cewa da shi aka sassaƙa jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam. Babu hujja a kan haka, sai dai ya nuna irin girman da mutanen wurin ke ba shi.

Da can yana da yawa, dubban ɗaruruwa. Da yake ba ya saurin ruɓewa, an sare shi don turakun shinge da rufin ɗaki, an ƙona shi a jiragen ruwa masu aiki da tururi. Amma abin da ya karya shi cuta ce. Daga shekarun 1950 manyan itatuwan suka fara mutuwa, a cikin gandun da wajensa. A 1984 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin tsirran da ke gab da ƙarewa. Sai a 2013 masana, ciki har da Jason Smith na Jami'ar Fulorida, suka bayyana sabuwar fumfunar da ke cin ɓawonsa. Yau waɗanda suka rage a daji ba su wuce dubu ɗaya ba. Abin da ya fi ban tausayi, yawancinsu toho ne daga tsohuwar saiwa: ya fito, ya ɗan tasa, cutar ta kashe shi kafin ya yi 'ya'ya, saiwar ta sake turo wani. A Oktoban 2018 kuma guguwar Michael ta kayar da manyan itatuwan da ke yi musu inuwa.

To, jama'a, gandun ya hana gatari, amma mai gadi ba ya tare fumfuna. Shi ya sa lambun tsirrai na birnin Atlanta ya yanko rassa daga itatuwan dajin yana renonsu, don kada irin ya ɓace. Wata ƙungiyar 'yan sa kai kuwa, Torreya Guardians, ta ce tunda Fulorida ta yi masa zafi a mayar da shi arewa, kuma a 2008 ta dasa wasu a tsaunukan Karolina ta Arewa. Masana da dama sun ja kunne cewa ana iya kai cutar ga itatuwan can, garin neman gira a rasa ido.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma ba na ganin laifin wanda ya ƙi zuba ido itace ya ƙare a gabansa. Sai dai tsoron masanan ya fi nauyi, don dajin da cuta ta shiga ba a iya janye ta daga cikinsa. In za a kai Toreya arewa, to a kai wanda aka gwada aka tabbatar ba ya ɗauke da fumfunar, a kuma ci gaba da kashe kuɗi wajen neman maganinta, tunda saiwoyin da ke kwazazzaban Apalachikola har yanzu da ransu.

Mu kwana nan, sai wani shirin.