A Tare Makamai, A Bar Jirgin Abinci Ya Wuce

Duk wanda ya taɓa yin dako a bakin tashar Apapa ya san yawan abin masarufin da ke shigo wa ƙasar nan ta ruwa. Alkamar burodi, da kifin ƙanƙara, da takin zamanin da ake lodawa a manyan motoci zuwa Kano da Funtuwa, duk jirgi ne ke kawo su. Saboda haka in an tare jiragen 'yan kasuwa a wani teku mai nisa, ba a daɗewa mai shayi a Agege zai ji a jikinsa. Haka aka gani a 2022, lokacin da Rasha ta auka wa Yukuren, tashar Odesa ta rufe, kuɗin alkama da taki suka yi tashin gwauron zabo a duniya.

Shi yaƙi a teku yana da ƙa'ida, kuma ba yau aka fara ta ba. A 1856, bayan yaƙin Kirimiya, manyan ƙasashen Turai sun zauna a birnin Paris suka yarda da wasu sharuɗɗa. Kayan abokin gaba da ke cikin jirgin ƙasar da ba ruwanta da yaƙin, ba a taɓa su, sai fa in kayan yaƙi ne. Kayan 'yan ba-ruwanmu da ke cikin jirgin abokin gaba, su ma haka. Wanda kuma ya ce ya toshe tashar wani, tilas ya ajiye jiragen da za su iya tsare ta da gaske, faɗa da baki kawai ba ta isa ba. A 1907 aka ƙara da cewa ƙananan jiragen masunta na bakin gaɓa ba a kama su. Jirgin kasuwa na abokin gaba kuwa ana iya kama shi, amma sai an kai shi gaban kotun ganima ta yi shari'a. In har nutsar da shi za a yi, to sai an fara fid da ma'aikata da fasinja zuwa inda za su tsira, kamar yadda aka sake jaddadawa a London a 1936.

A takarda ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne, mene ne kayan yaƙi? Bindiga da harsashi ba gardama. To, shinkafa fa? Soja na cin ta, jariri ma ana dama masa. A 1909 an yi ƙoƙarin raba kaya gida uku: waɗanda aka haramta ƙwata-ƙwata, da waɗanda sai an tabbata sojoji za a kai wa, watau irin su abinci, da waɗanda ba a taɓawa sam. Amma Ingila, wadda ta kira taron da kanta, majalisar dattawanta ta ƙi amincewa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai Ingila ta hana abinci shiga Jamus, Jamus kuwa ta saki jiragenta na ƙarƙashin teku suna nutsar da jiragen kasuwa ba gargaɗi. Har jirgin nan mai suna Apapa, na kamfanin Elder Dempster, wanda ya taso daga Ikko za shi Liverpool, an nutsar da shi a watan Nuwamba 1917, mutum 77 suka halaka.

Nijeriya ba sai an ba ta labari ba. Tun ƙarshen watan Mayu 1967 Gwamnatin Tarayya ta toshe tashoshin ruwan Gabas, aka kama Boni da Kalaba a wannan shekara, Fatakwal kuma a 1968. Dalilin gwamnati a fili yake, makamai na shiga wa 'yan tawaye, kuma babu gwamnatin da za ta zura ido. Amma gaskiya ɗaya ce, hanyar da aka toshe wa bindiga ita ce hanyar busasshen kifi da gishiri da madara, kuma yunwar da ta biyo baya ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, galibinsu yara ƙanana waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. 'Yan Arewa da ke zaune a Kudu suna cin kasuwa ɗaya da mutanen da suka rasa 'yan'uwa a wannan yunwa, sun fi kowa sanin cewa tabon bai gama warkewa ba. Sai a 1977, shekara bakwai bayan ƙare yaƙin, aka rubuta ƙarara a Janiba cewa haramun ne a yi amfani da yunwa a matsayin makami a kan farar hula, ko yaƙin tsakanin ƙasashe ne, ko na basasa.

Batun hana sayar da makamai kuwa, shi ma ƙasar nan ta ɗanɗana. A 1967 Amurka ta ƙi sayar wa kowane ɓangare, Ingila ta hana jiragen saman yaƙi, ala tilas aka juya wajen Tarayyar Sobiyet. A 2014, ana tsakiyar fama da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana kafa hujja da take haƙƙin jama'a, sai a 2021 jiragen Super Tucano 12 suka iso. Abin da ciwo, kuma ba a rasa son kai a ciki, don mai sayar da makami yakan tuna da haƙƙin ɗan Adam ne in cinikin bai dame shi ba. Duk da haka ba za a ce a bar makamai su yi ta yawo ba mai tambaya ba. A watan Oktoba 2010 an kama kwantena 13 a Apapa, an rubuta kayan gini, da aka buɗe sai ga rokoki da gurneti daga Iran. Da ba a bincika ba, Allah kaɗai Ya san garin da za su fashe. Don haka Nijeriya ta yi daidai da ta riga sauran ƙasashen Afirka amincewa da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013.

Masu cewa ba a iya raba jirgin abinci da na makamai a lokacin yaƙi, to, an gwada an gani. A watan Yuli 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya da Turkiyya suka shirya tsakanin Rasha da Yukuren: kowane jirgi ya tsaya a Istambul, a hau a duba, in ba makami ya wuce. Cikin shekara guda an fitar da hatsi da sauran abinci kusan tan miliyan 33, alhali ana ta ɓarin wuta a tudu. Rasha ta janye a Yuli 2023, ba don binciken ya gaza ba, sai don nata buƙatun.

Wannan shafi na kira ga Gwamnatin Tarayya da ta tsaya kan wannan tsari a duk taron da aka ta da zancen takunkumi ko toshe tasha, ko a Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ko a ƙungiyar ECOWAS: a rubuta tun farko cewa abinci da magani da taki ba sa ciki, a kuma faɗi wanda zai duba su da wurin da za a duba. A 2023, da aka rufe iyaka da Jamhuriyar Nijar bayan juyin mulki, ba a yi wannan tanadi yadda ya kamata ba, motocin kaya suka yi ta jibgewa a Jibiya da Illela, albasa na ruɓewa, har sai da aka ɗage takunkumin a farkon 2024.