Tarayya Da Mai Ƙarfi

Duk mazaunin Gombe ya saba ganin manyan motoci ɗauke da simintin Ashaka, amma kaɗan ne ke tambayar wa ke da kamfanin. An kafa shi a 1974 bisa tarayya tsakanin gwamnatocin ƙasar nan da kamfanin Ingila wanda aka fi sani da Blue Circle, ya fara aiki a 1979. Dutsen da ake sarrafawa na ƙasar Funakaye ne, sanin aikin kuwa na baƙi. Da aka zo sayar da kamfanonin gwamnati, Blue Circle ya ƙara hannun jarinsa. A 2001 Lafarge na Faransa ya saye Blue Circle, Ashaka ta bi. A 2024 aka ƙulla cinikin miƙa ragamar Lafarge Africa ga Huaxin na ƙasar Sin.

Ingilar ma ta ɗanɗana irin wannan a sana'ar ƙera kwamfuta. Kamfanin J. Lyons, mai gidajen shayi da burodi, shi ya ƙera LEO, kwamfutar da ta fara aikin ofis a duniya, a 1951. Basira akwai, amma jarin gogayya da IBM na Amurka babu. A 1963 ya haɗa gwiwa da English Electric, kowa rabi. Shekara ta zagayo, English Electric ya saye rabin Lyons. A 1968 gwamnati ta sa aka tattara manyan kamfanonin kwamfuta wuri ɗaya, aka kira shi ICL. A 1990 Fujitsu na Japan ya karɓi kashi 80 cikin ɗari, a 2002 aka shafe sunan.

Lyons yana da sani ba kuɗi, Ashaka tana da dutse ba sani, kuma dukansu abin da suka rasa shi ya raba su da abinsu. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a duba wanda zai kwana a ɗakin.

Saboda haka, duk lokacin da hukumomin Gombe za su sa hannu a wata tarayya, ya kamata a rubuta ƙarara 'ya'yan jiha nawa za a koya wa aikin, kashi nawa ne ba za a sayar ba, da kuma wanda za a fara yi wa tayi in abokin tarayya zai fita. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.